Yadda Ake Kafa Aikin Jinya a Ƙauyukan da Ba Su da Asibiti: Hanyar da Mary Breckinridge Ta Bi Daga Faransa Zuwa Kentaki

Duk ƙungiyar da ta tashi taimakon ƙauyukan da suka yi nisa da asibiti, ko waɗanda mutanensu suka komo gida bayan yaƙi, abin da yake fara zuwa mata a rai shi ne gini. A nemi fili, a sa harsashi, a gayyato manya su yanke ƙyalle. Bayan wata shida sai a tarar da ɗakin shan maganin a kulle, domin ba a tanadi wadda za ta zauna a cikinsa ba, kuma babu wanda ya tambaya ko mai naƙuda za ta iya isowa wurin da tsakar dare a cikin damina. Akwai wata hanyar da aka gwada sau biyu a tsakanin 1919 da 1930, a ƙasashe biyu masu nisa da juna, kuma mace ɗaya ce ta haɗa gwajin biyu. Wannan jagora na waɗanda ke shirin irin wannan aiki ne, ko kwamitin gari ne, ko ƙungiyar mata, ko ma'aikatan lafiya da aka ɗora wa nauyin tsara shi.

Matar ita ce Mary Breckinridge, Ba'amurkiya da aka haifa a 1881 a gidan manya, domin kakanta ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasar Amurka, mahaifinta kuma ya yi jakadanci a Rasha. Ta kammala karatun jinya a asibitin St. Luke's na birnin Niyu Yok a 1910. 'Yarta ta rasu sa'o'i kaɗan da haihuwa a 1916, ɗanta kuma ya bi ta a 1918 yana da shekara 4, kuma tun daga nan ta mayar da hankalinta kacokan kan lafiyar uwa da yaro. A 1919 ta tafi arewacin Faransa aikin agaji, a 1925 kuma ta fara aiki a duwatsun gabashin jihar Kentaki ta Amurka, aikin da daga 1928 aka san shi da sunan Frontier Nursing Service. Abin da ya fi amfani a tarihinta ga mai son aiki da shi shi ne jerin matakan, wato abin da ta gabatar da abin da ta jinkirta.

Ku raba agajin gaggawa da aikin dindindin

Lardin Aisne na arewacin Faransa yana cikin yankunan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fi ɗaiɗaitawa. Lokacin da sojojin Jamus suka ja da baya a watan Maris na 1917, sun rushe gidaje, sun sare itatuwan marmari, sun lalata rijiyoyi. A wannan shekara Anne Morgan, 'yar attajirin nan mai banki J. P. Morgan, da abokiyar aikinta Anne Murray Dike suka sauka a garin Blérancourt, suka kafa abin da ya zama kwamitin Amurkawa na farfaɗo da yankunan Faransa da yaƙi ya rushe, wanda ake kira CARD a taƙaice. Mata kimanin 350 ne suka yi aiki a cikinsa kafin a rufe shi a 1924, kuma da yawa daga cikinsu direbobi ne da ke tuƙa motocin Ford a kan hanyoyin da bama-bamai suka farfasa.

Zangon farko na aikinsu bai wuce abinci, tufafi, kayan girki, iri, garma, kaji da zomaye ba. Haka ya kamata ku ma ku fara, domin babu amfanin yi wa uwa huɗubar tsafta alhali ba ta da tukunyar da za ta tafasa ruwa. To amma ku sa wa wannan zango iyaka tun ranar farko, ku kuma yi amfani da shi wajen buɗe littafin rajista. Breckinridge, wadda CARD ta ajiye a garin Vic-sur-Aisne, ta fara awon yara: a ɗora kowane yaro a sikeli, a rubuta sunansa da shekarunsa da nauyinsa, a kuma san gidan da za a same shi. Daga wannan rajista ne aikin ziyarar gida-gida ya tsiro.

Akwai wani abu da ta yi wanda ba ya cikin littafin jinya. Ta lura cewa yunwa ta ƙafar da nonon iyaye mata da yawa, shanun yankin kuma yaƙi ya tafi da su. Sai ta rubuta wa 'yan'uwa da abokan arziki a Amurka cewa abin da jariran nan ke bukata shi ne awaki, aka tara kuɗi, aka sayo awakin tatsa daga duwatsun Pyrenees aka raba wa gidaje. Darasin da ke nan na masu riƙe da kuɗi ne: ku ba ma'aikaciyar da ke shiga gidaje damar faɗin abin da ta gani, ko da abin ba magani ba ne, kuma ku ware wani kaso na kasafi wanda ba a riga an ɗaure shi da wani abu ba.

Zango na biyu shi ne sa 'yan ƙasa a cikin aikin. CARD ta ɗauko ma'aikatan jinya Faransawa daga makarantar da Dakta Anna Hamilton ke jagoranta a Bordeaux, ta raba su ƙauyuka. Za mu koma kan amfanin wannan a ƙarshe.

Ku zaga da kanku kafin ku tsara komai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne nauyi. Bayan ta komo daga Faransa a 1921, Breckinridge ta yi karatun lafiyar al'umma a Jami'ar Columbia, sannan a bazarar 1923 ta hau doki ta zaga gundumomi 3 na Kentaki, wato Leslie da Knott da Owsley. Ta yi tafiyar kimanin mil 650, fiye da kilomita 1,000 ke nan, tana sauya dawaki da alfadarai, tana kwana a gidajen mutane. Ta zauna da ungozomomin gargajiya 53, waɗanda matsakaicin shekarunsu ya kai 60, ta tambaye su yadda suka koyi aikin, da abin da suke yi idan jini ya ɓalle, da abin da suke yanke cibiya da shi. Ta tarar ba su da horo, babu awon ciki sam, kuma likita ya yi nisan da kafin a kira shi ya iso mai aukuwa ta auku. Gundumar Leslie, inda ta zaɓa daga baya, ba ta da hanyar mota ko ɗaya, mutane suna bin cikin rafuka ne a kan doki ko alfadari. Da gangan ta zaɓi wuri mai wuya, domin tana son nuna cewa idan tsarin ya yi aiki a can, babu inda ba zai yi ba.

Gani ya kori ji, saboda haka kada ku wakilta wannan zagaye ga wanda zai cike takarda yana zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma. Wadda za ta shugabanci aikin ita ce za ta je. Ku fara da gaisuwa wurin masu gari da malamai, ku bayyana abin da ya kawo ku, sannan ku nemi a kai ku wurin matan da ke karɓar haihuwa. A wurinsu ku nemi sanin haihuwa nawa suke karɓa a wata, wane lokaci ake kiransu, wa ke yanke shawarar a tafi asibiti, da abin hawa nawa ake samu bayan isha'i da kuɗinsa. Ku tambayi matan da suka rasu wajen haihuwa a shekara biyu ko uku da suka wuce, ku bi labarin kowacce a hankali: yaushe ciwo ya fara, yaushe aka gane akwai matsala, ina aka tsaya a hanya. Ku kwana a ƙauyen, domin abin da ake faɗa wa baƙon rana dabam yake da abin da ake faɗa wa wanda ya ci tuwon dare a gidan.

Bayan zagayen ido sai ƙidaya. A 1925, kafin a karɓi haihuwa ko ɗaya, Breckinridge ta sa wata ma'aikaciya daga Sikotilan mai suna Bertram Ireland ta bi gida-gida a gundumar Leslie tana rubuta haihuwa da mutuwa na shekarun baya, domin rajistar hukuma ba ta cika ba. Aiki ne mai gajiyarwa wanda babu mai ba da tallafi da ke sha'awarsa, amma idan ba ku yi shi ba, bayan shekara biyar ba ku da abin da za ku gwada sakamakonku da shi.

Wace irin ma'aikaciya za ku nema

A Faransa Breckinridge ta ga ungozomomi masu horo amma ma'aikatan jinya masu ilimin zamani sun yi ƙaranci, a Amurka kuwa akasin haka ne, nas-nas ƙwararru sun wadata amma karɓar haihuwa a karkara yana hannun waɗanda ba su yi karatu ba. Wurin Ingilawa ta ga ma'aikaciya ɗaya kan haɗa ilimin biyu. A ƙauyen da babu likita, wannan haɗin shi ne ya fi dacewa, domin matar da ta zo awon ciki ita ce za ta ce ɗanta na goye yana gudawa, surukarta kuma tana tari, kuma babu ƙungiyar da za ta iya ajiye ma'aikata uku a kowane lungu.

Tana da shekara 42 ta koma ɗaliba a asibitin uwa da jariri na Woolwich a Landan, ta samu takardar shaidar ungozoma a 1924. Daga nan ta wuce Sikotilan, ta zaga tsaunuka da tsibirai tana duba yadda hidimar lafiya da aka kafa wa yankin a 1913 ke ajiye ma'aikatan jinya a cikin jama'a, da likita a tsakiya wanda ake komawa gare shi. Abu biyu za ku ɗauka. Na farko, shugabar aiki ta iya aikin da hannunta, domin ma'aikata ba sa jin gyaran wadda ba ta taɓa kwana a kan mai naƙuda ba. Na biyu, ku je ku ga wurin da ake yin irin abin da kuke son yi, ku zauna kwanaki, ku duba littattafansu da albashinsu da inda ma'aikatansu ke kwana.

Kada ku fara aiki ba da izinin hukuma ba. Breckinridge ta samu goyon bayan shugaban hukumar lafiya ta Kentaki, Dakta Arthur McCormack, kafin a kafa kwamitinta a birnin Frankfort ranar 28 ga Mayu, 1925. Ma'aikatanta biyu na farko, Edna Rockstroh da Freda Caffin, duk sun yi karatun ungozoma a Ingila. A Najeriya, wannan yana nufin kowace ma'aikaciya ta kasance tana da lasisi mai rai daga hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya da ungozomomi, kuma sashen lafiya matakin farko na jiha ya san da ku a rubuce.

Ku auna nisa da lokacin tafiya

Zuwa 1930 aikin yana da ƙananan cibiyoyi 6 baya ga hedikwatarsa a Wendover da asibitin garin Hyden, kuma ya mamaye ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in mil 700. An shata wa kowace cibiya yankin da bai wuce kimanin mil 5 daga ƙofarta ba, wato kilomita 8, domin iyakar abin da doki zai ci ke nan a kan dutse da rafi a cikin lokacin da zuwan zai yi amfani. A kowace cibiya akwai ɗakin duba marasa lafiya, wurin jira, ɗakin kwanan ma'aikata, da bargar dawaki, kuma galibi mata biyu ake ajiyewa domin idan ɗaya ta fita ɗaya tana nan. Ƙa'idarsu ita ce, duk hanyar da maigida ya iya biyowa ya zo kira, ma'aikaciya za ta iya bi ta je, ko da dare ne ko ana ƙanƙara.

Idan kun zo zana naku yankin, ku ajiye taswira ku hau abin hawan da ma'aikaciyar za ta riƙa hawa, ku tafi a watan da hanya ta fi lalacewa, ku duba agogo. Inda sa'a ɗaya ta cika, nan ne iyakar cibiyar. Ƙauyen da ke kilomita 3 amma rafi ke raba ku da shi wata uku a shekara ya fi nisa a kan wanda ke kilomita 12 a bakin kwalta. Ku gina ɗakin kwanan ma'aikata tare da ɗakin aiki, da ruwa da makewayi da katanga, domin yawancin matan da ke barin aikin ƙauye wurin kwana ne ke korarsu kafin albashi ya kore su.

Ku lura cewa asibiti ya zo daga baya. Sai a 1928, shekara 3 da fara aiki, aka buɗe na Hyden mai gado 12, da likita wanda ke karɓar abin da ya fi ƙarfin cibiyoyi, kuma Sir Leslie MacKenzie, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara hidimar Sikotilan, shi ya zo bikin buɗewar. Kafin lokacin an riga an san irin matsalolin da ke zuwa da yawansu, don haka aka yi ginin daidai bukata. Idan akwai babban asibiti a kusa, ba sai kun gina naku ba, yarjejeniya ta isa: wa za a kira, da wace lamba, wa zai biya mota, kuma ina za a samu jini. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin Najeriya ta fara a 2009 ya bi irin wannan fasali, inda aka jingina cibiyoyi 4 da babban asibiti 1.

Wani ƙaramin abu mai amfani: a Kentaki sun ajiye matasa 'yan sa-kai waɗanda aikinsu kula da dawaki ne, da kai saƙo, da raka baƙi. Ma'aikaciyar da ta dawo daga karɓar haihuwa da asuba ba ita ce za ta tsaya wanke doki ba. Ko doki ne ko babur, ku sa wani ya zama mai shi, mai duba shi kullum.

Jaka da takardar umarni

A Kentaki kowace ma'aikaciya tana da jakunkunan sirdi iri biyu, na jinyar yau da kullum da na karɓar haihuwa, na biyun kuma nauyinsu ya kusa kilo 20. Dokar ita ce a wanke, a tafasa, a cike abin da ya ragu da zarar an dawo, kafin a ci abinci ko a kwanta, domin kira na gaba ba ya sallama. Ku liƙa jerin kayan a cikin murfin jakar, ku sa mai duba aiki ta riƙa buɗe ta ba tare da sanarwa ba.

Abin da ya fi jakar muhimmanci shi ne ɗan littafin da ke cikinta. A 1928 wani kwamitin likitoci ya rubuta musu umarni na dindindin, wanda ya fayyace abin da ma'aikaciya za ta iya yi da maganin da za ta iya bayarwa kafin likita ya iso, da halin da dole a kira shi. Wannan takarda tana kare majiyyaci daga ganganci, tana kuma kare ma'aikaciya daga tsoro, domin wadda ba ta san iyakarta ba ko dai ta wuce gona da iri ko ta naɗe hannu. Ku nemi likitan da za ku riƙa tura wa mata ya zauna da ma'aikatanku su rubuta naku bisa ƙa'idojin ma'aikatar lafiya, musamman kan zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin jego, da jaririn da bai yi kuka ba. Ku tuna cewa wasu allurai, kamar ta tsayar da jini, zafi yana kashe ƙarfinsu, saboda haka wurin sanyaya su yana cikin lissafin jaka.

Yawancin aikinsu a wancan zamani kuwa ba na gaggawa ba ne. Awon ciki ne a kai a kai, komawa gidan mai jego sau da yawa a kwanaki 10 na farko, riga-kafin taifot da mashaƙo da agana, maganin tsutsar ciki, da maganar rijiya da masai. Haihuwa ita ce ƙofar shiga gidan, amma da zarar an shiga, lafiyar kowa da ke cikinsa ta hau wuyan ma'aikaciya. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ga mai ciki aƙalla sau 8 kafin ta haihu.

Kuɗi

A Kentaki sun sa dala 5 a kan kula da ciki da haihuwa da jego gaba ɗaya, da dala 1 a shekara a kan jinyar iyali. Wanda ba shi da kuɗi yana biya da ƙwai, ko kaza, ko harawar doki, ko aikin ƙarfi a cibiya, kuma ba a kori kowa saboda rashi ba. Kowace cibiya tana da kwamitin mutanen yankin, waɗanda suka ba da katako da dutse da gumi wajen gini. Kuɗin da aka karɓa bai taɓa ɗaukar nauyin aikin ba, amfaninsa shi ne mutane su ji suna da haƙƙi a kan ma'aikaciya, su kira ta ba tare da jin kunyar roƙo ba.

Ainihin kuɗin daga waje yake zuwa. Shekarun farko Breckinridge ta kashe gadonta, sannan ta kafa kwamitocin masu hali a manyan birane, tana zagaya su tana jawabi, tana kuma aika musu da mujalla duk wata uku wadda ke ɗauke da labarin aiki da lissafin kuɗi. Wannan ya yi aiki har zuwa lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, fari kuma ya biyo baya a 1930. Gudummawa ta ja baya, aka rage ma'aikata, waɗanda suka rage suka yi ta aiki da guntun albashi. Saboda haka kada ku buɗe cibiya ta uku sai albashin shekara guda na biyun farko yana hannu, kuma ku nemi gwamnati ta ɗauki wani kaso na albashi tun da wuri, ko da kaɗan ne.

Ku rubuta komai, ku ba wani ya duba

Kowace haihuwa tana da katinta. Da suka cika 1,000, sai aka aika da katunan wurin Dakta Louis Dublin, masanin ƙididdiga na kamfanin inshora na Metropolitan Life, mutumin da ba shi da wata riba a cikin yabon aikin. Rahotonsa na 1932 ya nuna babu uwa ko ɗaya da ciki ko haihuwa ya zama sanadin ajalinta kai tsaye, ya kuma ƙiyasta cewa da za a yi irin wannan hidima a faɗin Amurka, da an ceci iyaye mata 10,000 a kowace shekara. Zuwa 1975 an karɓi haihuwa 17,053, aka rasa iyaye mata 11, kuma da yawa daga cikin haihuwar nan a gidajen katako aka yi su da hasken fitila.

Lissafi yana da daraja ne idan an yi shi da gaskiya. Matar da kuka yi wa rajista taku ce har ƙarshen jego, ko da a mota ta cika a hanyar asibiti, ko a gadon asibitin da kuka tura ta. Cibiyar da ke share sunan duk wadda ta tura gaba za ta yi shekaru tana alfaharin cewa ba ta rasa kowa ba. Ku zauna kan kowace mutuwa a cikin mako guda, ku bi matakan ɗaya bayan ɗaya don gano inda aka makara, kuma kada zaman ya zama na neman wanda za a kora, domin daga ranar da ya zama haka katunan za su fara ƙarya.

Abin da bai kamata ku kwaikwaya ba

Breckinridge tana da ra'ayin wariyar launin fata irin na gidan da ta tashi. Wajen neman tallafi takan tallata mutanen duwatsu a matsayin tsantsar jinin Turawa da ya cancanci a ceta, ba ta ɗauki baƙaƙen fata aikin ungozoma ba, ƙungiyar ungozomomi da ma'aikatanta suka kafa a 1929 ita ma ba ta karɓe su ba. Hidimar da ta zaɓi waɗanda za ta ceta bisa asali ta bar wasu mata suna mutuwa a kan abin da ta san maganinsa. Ku duba rajistarku lokaci-lokaci ku ga waɗanda babu su a ciki: rugage, 'yan gudun hijira, unguwar baƙi, matan da ba a barinsu fita.

Haka nan rahotonta kan ungozomomin gargajiya ya cika da raini, kuma manufarta ita ce a maye gurbinsu. Gaskiya ne cewa wasu al'adun suna kisa, kuma bai kamata a yi shiru a kansu ba. To amma da ɗan gari akan ci gari, kuma tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauye ita ce za ta iya sa a kira ku da wuri, ita ce kuma za ta iya sa a rufe muku ƙofa. Ku ba ta matsayi bayyananne: ta rako mai ciki awo, ta zauna a ɗakin haihuwa, ta sanar da ku wadda ta fara kumburi ko ciwon kai, kuma a riƙa ba ta wani abu a madadin abin da take samu a da. Ku kuma kiyaye yadda kuke siffanta mutane a takardun neman tallafi da hotuna, domin abin da aka rubuta don idon birni yakan dawo kunnen ƙauye.

Ku horar da naku, ku shirya ranar tafiya

Shekara 14 aikin Kentaki ya dogara da ungozomomi Ingilawa da Amurkawan da aka tura karatu Ingila. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939, yawancin Ingilawan suka nemi komawa gida, hanyar tura ɗalibai ma ta toshe. A watan Nuwamba na wannan shekara aka buɗe makarantar ungozoma a Hyden da ɗalibai 2, kuma ita ce ta girma ta zama jami'ar da a yau ake kira Frontier Nursing University. An yi sa'a akwai asibiti da malamai a ƙasa, shi ya sa aka iya yin abin cikin wata biyu. Kada ku jira sai irin wannan rana. Tun shekarar farko ku nemo 'yan mata biyu ko uku daga ƙauyukan da kuke aiki, waɗanda suka gama sakandare, ku taimaka musu su gyara sakamakon jarrabawa, ku nema musu gurbi a makarantar jinya da ungozoma, da yarjejeniya tsakaninku da iyayensu ko mazajensu da masu gari cewa za su dawo su yi aiki a gida na wasu shekaru.

A Faransa kuwa tun farko an san baƙi za su tafi. Kafin CARD ta rufe a 1924, ta miƙa aikin jinya ga wata ƙungiyar lafiyar al'umma ta lardin Aisne, wadda ma'aikata Faransawa da ta horar suka ci gaba da riƙewa, kuma magajiyar wannan ƙungiya tana aiki a birnin Soissons har yanzu da sunan Anne Morgan. Idan taku ƙungiyar ta wa'adi ce, ku rubuta takardar miƙa aiki shekara guda kafin ranar. A cikinta a faɗi sunan wanda zai biya albashin kowace ma'aikaciya daga watan da kuka tashi, da wanda ya mallaki fili da gini da abin hawa, da inda za a riƙa sayen magani, da ofishin da littattafan rajista za su koma. Sannan a wata 6 na ƙarshe ku bar masu karɓar aikin su riƙa sa hannu a kan komai, ku kuna gefe kuna kallo.